Gurbin Kawu Nabor

San Isidro, 9 ga Fabrairu, 1976

Zuwa ga Kawu Nabor,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Otilia. Mu nan lafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Matata Fidela ta warke daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, 'yarmu Luz kuma ta fara tafiya, har ta addabi kaji. Alfadarina ma yana gaishe ka. Shi kaɗai ne bai rame ba a gidan nan, don shi ko ƙaya ya samu ci yake yi.

Kawu, ba zan tsaya kewaye-kewaye ba. Masara ba ta yi ba, shekara ta uku ke nan a jere. In Fidela ta leƙa rumbu sai ta rufe da sauri, ba ta cewa komai, ni kuma shirun nan ya fi mini zagi ciwo. Sa'o'ina duk sun watse, wasu sun yi arewa, wasu birnin Mexico. Duk ranar Alhamis sai in tsinci kaina a bakin hanya ina kallon motar haya tana wucewa, ba wanda nake jira, ba inda za ni. Na kasa zaune, na kasa tsaye.

Ka tuna ranar da muka binne mahaifiyata, ƙanwarka, ka dafa kafaɗata a bakin makabarta ka ce tunda Allah bai ba ka ɗa ba, ranar da za ka ajiye aiki a masana'anta sunana za ka rubuta a gurbinka. Na so in ce ba matsa maka nake yi ba, amma ƙarya ce, matsa maka nake yi. Ka gaya mini yaushe.

Ɗanka,
Crispín

Unguwar Tasha, 2 ga Maris, 1976

Crispín, ɗan ƙanwata mai ƙaiƙayin ƙafa,

Wasiƙarka ta same mu lafiya. Innarka tana gaishe ku, ta ce a sumbatar mata Luz. Ni ma ƙalau nake, in ban da wani tari da ya liƙe mini tun Kirsimeti. Tsufa ne kawai, shekara goma sha tara a bakin tanderu ai ba wasa ba ce.

Kwantar da hankalinka, alkawari yana nan. Bana zan ajiye, takardar ƙungiyar ma'aikata ma tana cikin akwatina. Ga yadda dokar take: mai gurbi yana da ikon rubuta sunan ɗan'uwansa na jini. In ya mutu bai rubuta ba, matarsa na da kwana talatin ta rubuta. In ita ma ta bari, sai a ba wanda ke kan gaba a layin masu jira. Layin nan kuwa dogo ne. Ubaldo, ɗan maƙwabciyarmu Chabela, shekararsa huɗu yana tsayuwa a bakin ƙofa kullum safiya, har ya yi aure a kan layin. Kai ka ga gata, za ka tsallake su duka.

Aikin ba wuya in kana da ƙashi. Baƙin dutse muke gasawa, ya fito gari rawaya, a sayar wa majema da masu fenti. Injiniyoyi suna ce masa kuromiyam, mu dai rawaya muke cewa. Za ka yi gumi rawaya, ka tofar da yawu rawaya, matashin kanka ya rine, Fidela ta yi mita kamar yadda Innarka ta yi, daga baya ta saba. Kullum in an tashi ana ba kowa kwalbar madara a bakin ƙofa, ita ke wanke ƙirji. Tarkacen garin da ya rage ma kyauta suke ba mu. Da shi muka cike ramukan layinmu, da shi na daɓe tsakar gidana. In an yi ruwa ka ga yana gudu kamar gwaiduwar ƙwai.

Sai maganar baftisma, don kada ka zo ka tsorata ka ba ni kunya. Bayan shekara ɗaya ko biyu hancinka zai fara ƙaiƙayi, ya yi ta haɓo, wata rana ka ji yana ɗan fito in ka ja numfashi. Wannan alama ce bangon da ke tsakanin kafofin hancin ya huje. To ranar Asabar in an tashi sai dattawa su zaunar da kai a benci, ɗaya ya zura jan zare ta wannan kafa ya fito ta waccan. Shi ya zama ubanka na baftisma, kai kuma ka sayi giyar pulke a sha. Daga ranar ka tsira, don ƙura ta sami ƙofa, ta nan take shiga ta can take fita, ba ta ƙara sauka ƙirji. Wanda bai huje ba shi ake tausaya wa. Wani dattijo da muke kira Don Melquiades, Allah ya ji ƙansa, shi ya zura mini nawa. Naka kuwa da hannuna zan zura, ko da na ajiye aiki.

Ka shirya, ka taso bayan Ranar Matattu a watan Nuwamba.

Kawunka,
Nabor

Unguwar Tasha, 11 ga Yuni, 1976

Crispín,

Muna gaishe ku. Innarka lafiya.

Kada ka taso, kada kuma ka sayar da komai, sai ka ji daga gare ni. Akwai abin da nake dubawa game da gurbin nan, ban gama ganewa ba tukuna. Kwanan nan ina yawan shiga birni tare da Ubaldo. Yaron nan ya yi mini abin da ɗa ke yi wa uba.

Nabor

San Isidro, 20 ga Yuli, 1976

Kawu,

Ina gaishe ka kamar yadda aka koya mini. Muna lafiya. Luz ta yi gudawa ta warke.

Wasiƙarka ta kwana fiye da wata a hanya, don ruwan da ya ƙi sauka a gonata ya je ya cinye gadar hanyar mota. Ta iso a makare. Na riga na sayar da alfadari tun watan Mayu, don in bar wa Fidela abin riƙewa in na tafi. Ta ɗinka mini wando biyu na aiki. Fada, limamin cocinmu, ya sa mini albarka a gaban jama'a bayan salla. Yanzu in na wuce ta gaban kanti sai 'yan zaman benci su miƙe su cire hula su ce, “Injiniya, ba a tafi ba?” Jiya har wani ya tambaye ni ko zan ara masa alfadarina.

Na karanta layukan nan naka har takardar ta yage a ninki. Ban yi boko mai zurfi ba, amma ba jaki ba ne ni. Mutum ya rubuto maka shafi uku a watan Maris, a watan Yuni ya rubuto layi huɗu, ɗaya daga ciki yabon ɗan maƙwabta ne. Me kuke zuwa yi birni kai da Ubaldo in ba ofishin ƙungiya ba? Ya yi maka abin da ɗa ke yi wa uba, ka ce. To ni me na kasa yi? Nisa ne laifina? Shi yana kusa, yana ɗaukar maka kaya, uwarsa tana aiko muku da miya. Ni abin da nake da shi kawai kabarin ƙanwarka da maganar da ka faɗa a bakinsa.

In ka ba shi ne, ka faɗa mini kai tsaye, in san inda zan sa kaina. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Crispín

San Isidro, 6 ga Satumba, 1976

Kawu,

Gaisuwa. Ban ji daga gare ka ba. Sau uku ina takawa da ƙafa har gidan waya, tafiyar wuni guda zuwa da dawowa, ma'aikacin har ya daina ɗaga kai in na shiga. Fidela ta ce na yi maka rashin kunya shi ya sa. Wataƙila haka ne. Amma ko zagi ne ka rubuto, in dai takarda ce zan karɓa. Nuwamba na matsowa, jakata a ɗaure take a bayan ƙofa, na kwance ta na sake ɗaurewa ban san sau nawa ba.

Crispín

Unguwar Tasha, 17 ga Oktoba, 1976

Ɗana Crispín,

Wasiƙunka biyu suna gabana. Ina gaishe ka da Fidela da Luz. Innarka lafiyarta lau. Ni ba ni da lafiya, kuma wannan karon ba zan ce maka tsufa ba ne.

Ka yi mini fassarar da ba ita ba, amma laifina ne, ni na rubuta rabin magana. A watan Mayu na faɗi a bakin ƙofar masana'anta da kwalbar madara a hannuna, na tofar da jini. Ubaldo yana wurin a kan layinsa, shi ya goya ni har bakin titi. Asibiti muke zuwa a birni, ba ofishin ƙungiya ba. Ba na iya hawa matakalar jirgin ƙasa sai da mai riƙe ni.

Likitar wata yarinya ce, da ƙyar in ta girme ka. Kafin ta taɓa ƙirjina sai ta haska hancina da ƙaramar fitila, ta tsaya, ta kira ɗalibai biyu su ma su leƙa. Ni kuwa sakarai sai na ji daɗi. Na ce in akwai zare a kusa in nuna musu yadda ake yi, na kuma yi musu bayanin ƙofa kamar yadda na yi maka. Ba wanda ya yi dariya. Ta ja kujera ta zauna, ta ce, “Baba, abin da ya iya cinye guringuntsi, me kake zaton ya yi wa huhu, wanda ya fi shi laushi? Ramin nan ba ya fitar da komai. Yana dai nuna mana yawan abin da ka shaƙa.” Na tambaye ta madara fa. Ta ce madara ciki take zuwa, ƙura kuma huhu, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Da hoton ƙirji ya fito ta nuna mini wani farin abu a dama, girman lemo. Ciwon daji ne, kuma ya wuce a yanka.

Ban yarda nan take ba, shi ya sa na ce maka ina dubawa. Akwai hoton da aka ɗauke mu ranar baftismata, mu tara a kan benci, ni a tsakiya da jan zare yana lilo a hanci, ina washe baki. Shida daga ciki sun mutu, na kuma je jana'izar kowannensu, amma ban taɓa jera su wuri ɗaya a kaina ba. Sai na ɗauki hoton na bi gidajen matansu. Matar Gumaro ta ce sanyi ne ya kama shi. Matar Tranquilino ta ce tarin fuka. Ta Don Melquiades ta ce an gaya mata taba ce, alhali mutumin ko warin taba ba ya so. Na tambayi kowacce yadda abin ya fara. Tari, rama, jini a hankici. Ba wanda ya kai shekara sittin. Dukansu hujajju ne, dukansu tsirarru a lissafinmu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, Crispín, mutum goma sha ɗaya na zura wa zare da hannuna. Na rungume su na ce sun tsira. Akwai waɗanda ke ɗaura ƙyalle a hanci da suka fara aiki, mu muka yi ta tsokanarsu, muna cewa suna jinkirta wa kansu buɗewar ƙofa, har suka cire.

Wata Asabar na lallaɓa na je wurin bencin, ana shirin yi wa wani saurayi. Na faɗa musu duk abin da na faɗa maka. Suka saurare ni don girmana. Da na gama sai ɗaya ya ce likitar nan ta taɓa ɗaga shebur? Wani ya ce, “Don Nabor, je ka huta, ciwo ne ke sa ka surutu.” Aka miƙo mini pulke, aka ci gaba da zura zare. Ban ga laifinsu sosai ba. In sun yarda da ni, da wace zuciya za su shiga aiki ranar Litinin?

Na yi shiru wata huɗu don kunya. Ban san yadda zan kalli mutumin da na yi wa alfahari da ramin hancina in ce masa kabari na yi masa alkawari ba. Ga maganar kai tsaye, yadda ka nema: ban ba Ubaldo ba, kai ma ba zan ba ka ba. Ba zan rubuta sunanka a takardar nan ba. Ka yafe mini alfadarinka.

Kawunka,
Nabor

San Isidro, 8 ga Nuwamba, 1976

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah da Budurwa Maryamu su sassauta maka. Na karanta wa Fidela wasiƙarka, muka yi kuka mu biyu. Ranar Matattu na je kabarin mahaifiyata na gaya mata irin maganganun da na rubuta wa yayanta yana kwance. Na ji kunya ƙwarai. Ka yafe mini.

Yanzu zan faɗi abin da zai ɓata maka rai, kuma na fi mako ina juya shi kafin in rubuta. Na yarda da likitar. Na yarda da hoton. Duk da haka ina son gurbin.

Shekara goma sha tara ka ce. Kawu, a shekara goma sha taran nan Inna Otilia ta taɓa kwana da yunwa? Ka gina ɗaki biyu da bulo, ka sayi rediyo, kai ka yi wa mahaifiyata akwatin gawa. Nan kuwa bana masarar ta tsaya iya gwiwa ta bushe. Luz tana cin tortilla, wainar masarar nan, da gishiri, in ta nemi ƙari sai uwarta ta ɗauke ta ta fita da ita kallon kaji. Watan jiya an binne yara biyu a ƙauyen nan, ba wanda ya shaƙi rawaya a cikinsu. In aka ba ni shekara goma sha tara irin naka, Luz za ta kai ashirin, ta yi makaranta, ta yi ƙiba. Nan ba wanda ya yi mini alkawarin ko biyar.

Kai ka shiga ido rufe, ni zan shiga ido buɗe. Zan ɗaura ƙyalle, su yi ta dariya. Ba zan zauna a bencinsu ba. In na samu wani aikin bayan shekara biyu ko uku sai in fita. Kuma in ba ka rubuta sunana ba ai tanderun ba zai mutu ba, wani zai tsaya a wurin. Me ya sa ɗan Chabela zai ci abincin, ni in zauna nan ina ƙirga ƙasusuwan 'yata?

Ba tausayi nake nema ba. Layi ɗaya ne, sunana ba shi da tsawo. Ka rubuta, in taso in yi jinyarka da hannuna. Jakata tana nan a ɗaure.

Ɗanka,
Crispín

Unguwar Tasha, 19 ga Janairu, 1977

Crispín ɗana,

Ni ce Innarka Otilia. Ka san ban iya rubutu ba, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya ne yake rubutawa, na kuma ce masa kada ya gyara mini magana. Ina gaishe ka da Fidela da yarinya. Ni ina nan, ƙafafuna ne dai.

Kawunka ya rasu ranar goma sha huɗu ga Disamba, da hantsi, a gida. Ban aiko maka da wuri ba, kuma da gangan ne. Ka saurara ka ji dalili.

Wasiƙarka ta ƙarshe ta same shi da ransa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya sa ta ƙarƙashin matashi. Kullum ina ce masa ya ba ka amsa, yana cewa gobe. Rannan da na matsa sai ya ce ba shi da amsa, duk layin da ka rubuta gaskiya ne, in ya shiga gardama da kai za ka kayar da shi. Ya ce maganar ƙyalle ce kawai ba ka sani ba, don shi ma ya ɗaura a watansa na farko, maganar fita bayan shekara biyu kuwa kowa da ita yake shiga. Daga nan ya sa na ɗauko gicciyen da ke jikin bango, ya sa na dafa na rantse ba zan ba da sunanka ba, ba kuma zan sanar da kai rasuwarsa ba sai kwana talatin ɗin sun cika.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na so in karya rantsuwar. Gidan ya yi mini girma. Sau biyu ina sa takardar gurbin a cikin mayafi ina zuwa wurin wannan bawan Allah mai rubutu, in tsaya a gabansa, in juya. Ina son in ji motsin mutum a ɗaki na biyu, ina son in goya Luz. Amma ni na riƙe masa kwano a makonninsa na ƙarshe, na ga abin da yake fita daga ƙirjin mutum. Wa'adin ya cika ranar Alhamis da ta wuce, layin suna a takardar yana nan fari.

Ubaldo ne ke kan gaba a layin masu jira, ya fara aiki shekaranjiya Litinin. Kafin nan na kira shi na nuna masa hoton mutum taran nan, na gaya masa komai, ko da yake ai shi ya fi kowa sani, shi ya yi ta goyon kawunka. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Doña Otilia, matata tana da ciki wata bakwai.” Da aka tashi ranar farko ya biyo ta nan da garin rawaya a girarsa, ya ajiye mini kwalbar madararsa ta farko, wai godiya. Tana nan kan tebur har ta yi tsami. Na kasa sha, na kasa zubarwa.

In kana son zuwa birni neman wani aikin, dako a kasuwa ko gini, ɗaki yana nan, ban ce zai yi sauƙi ba. Amma ka zo kai kaɗai tukuna. Kada ka kawo Luz sai mun haƙe daɓen tsakar gidan nan mun kwashe, ba wurin wasan yaro ba ne.

Na san za ka yi fushi, kuma kana da gaskiya. Na gaya masa haka ranar rantsuwar, na ce yaron nan ba zai yafe maka ba, zai zage ka a cikin kabari. Ya yi ɗan murmushi, hancin nan nasa yana fito, ya ce, “Ki bar shi ya zage ni. So nake ya yi ta zagina har ya yi furfura.”

To ka zage shi, ɗana. Ka bi abin a hankali, ka ja shi da tsawo.

Innarka,
Otilia